Waken Iya da Ruwan Garinsu

Jiya da hantsi wata yarinya daga cikin masu koyon aiki a wurina ta shiga ɗakin ajiyar iri neman igiya, kafaɗarta ta bugi tsohuwar gorar da ke rataye a bayan ƙofa. Gorar ta yi lilo, 'yan ƙwayoyin waken da na bari a cikinta suka yi ƙara. Ina bakin kunya ina duba tiyon ban-ruwa, amma ƙarar ta iso ni sarai, na tsaya kamar wadda aka kira da sunan yarinta. Yarinyar ta leƙo tana ba ni haƙuri. Na ce mata ba komai, ta sake girgiza ta ma in tana so. Ta dube ni da mamaki, don ba ta san inda wannan ƙara ta kai ni ba.

Idan ka san Sabo ta Ibadan, ka san ba wurin noma ba ne. Gidaje manne da juna, rufin kwano duk ya yi ja don tsatsa, lungunanmu kuwa in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. A nan aka haife ni. Babana falke ne, goro yake lodi zuwa Arewa, zaurenmu kullum cike da huhunan goro da ƙanshin ɗanyen ganyen da ake naɗe shi da shi. Mahaifiyata tana suyar ƙosai da alale a cikin gida, masu saye su aiko. Duk wanda na sani a unguwar, ko dai yana saye ko yana sayarwa. Ban da mutum ɗaya, kakata, mahaifiyar babana, wadda duk gidan muke kira Iya.

Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai takwara. Tun tana amarya ta biyo kakana zuwa Kurmi, shi ya riga mu gidan gaskiya kafin a haife ni, ita kuma ta zauna. Amma zaman nata irin na wanda ya ɗosana a gefen tabarma ne. Har ta tsufa ba ta iya cewa Ibadan ba, sai Badun, kuma Yarabancinta bai wuce gaisuwa da taya farashi ba. Mu jikoki muna kwarara Yarabanci a tsakar gida, ita tana harararmu tana cewa an sauya mata jikoki a asibiti.

Gorar nan ita ce dukiyarta. Ranar da za ta bar ƙauyensu uwarta ta cika mata ita da irin wake, ta gauraya da toka da busasshen barkono saboda ƙwari, ta toshe bakin da tsumma. Waken ƙanana ne, jajaye, da ɗan farin ido. Iya tana cewa babu irinsa a kasuwa, ba ya cin itace wajen dafuwa, kuma garɗinsa ba ya bukatar mai. Ni dai ji nake yi, don har na yi wayo ban taɓa sa shi a baki ba. Ba a cin iri, in ji ta. Takan ce da ita da waken nan baƙi ne, wata rana tare za su koma gida.

Gonarta tana bayan ɗakinta, wani ɗan tsukin wuri tsakanin bango da lambatu. Tsofaffin baho ne da bokitai masu huji, da tayar babbar mota guda da aka cika da ƙasa da kashin tumaki. A nan take shuka waken kowace shekara don kada irin ya mutu. Abin da ya sa nake ba ka wannan labari shi ne yadda take zaɓen ranar shukar.

Ruwan Ibadan yana sauka da wuri. Tun Arewa na fama da zafin bazara mu nan kwano yake ta ruri, lambatu ya cika ya tumbatsa, gansakuka ta rufe bango. Iya ba ta ko kallonsa. A wurinta wannan ba ruwan shuka ba ne, ruwan Yarabawa ne. Tana jiran wani direban babbar mota ɗan ƙauyensu, wanda ke kawo albasa ya koma da goron babana. Mu muna kiransa Baba direba. Idan ya sauke kaya sai ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, su yi ta gaisuwa har a tambayi awaki. Can a ƙarshe ta ce masa ya ruwa. Ranar da ya ce an yi ruwan shuka a gida, ko la'asar ta yi sanyi sai ta sauko da gorar nan. Ko da wani Bakano ya zo ya rantse mata an yi ruwa a Arewa, cewa take ruwan Kano ba ruwan garinsu ba ne.

Waken kuwa yakan tsiro kamar da gaske. Ya yi yaɗo, ya hau bango, ya leƙa gidan maƙwabta, ganye shar kamar a zuba mai a ci. Amma da ya fara fure sai ruwan ƙarshen damina ya tsananta, furen ya zube, 'yan kwanson da suka samu suka fito su yi baƙi su ruɓe a jiki. Iya ta bi su ɗaya-ɗaya tana tsinto masu rai, ta shanya a gefen murhu. Sauran ganyen a yanka wa ragon layya. Babana yakan tsokane ta ya ce duk Sabo babu mai noman harawa kamarta, ragonsa na gaishe ta. Ta ce masa wanda ya girma a kan kwalta me ya sani.

Akwai wata Bayarabiya da ke kawo wa mahaifiyata ganyen ƙulla alale daga ƙauyukan wajen Akinyele. Duk shekara in ta ga Iya na tona ƙasa sai ta kaɗa kai, ta ce da gurguwar Hausarta, Mama, lokaci bai yi ba, su a wurinsu sai ruwa ya huta tukuna ake sa wake. Iya ta yi kunnen uwar shegu da ita. In matar ta fita sai ta ce mini waken Bahaushe ba ya jin Yarabanci.

Wasan da na fi so lokacin shi ne girgiza gorar. Nakan hau turmi in taɓo ta, in yi ta kaɗawa ina rawa. Kowace shekara ƙararta ƙaruwa take yi, ni kuma ina murna. Ban san gora cike ba ta ƙara ba. Abin da Iya ke mayarwa ciki bayan roro bai kai abin da take fitarwa ba, ga laimar Badun da ƙwari suna cin rabonsu duk da toka. Sai da na girma na fahimci dalilin da ya sa in ina kaɗawa takan juya baya ta ce in ajiye, kanta na ciwo.

Sai shekarar da Baba direba bai zo ba. Ina ajin ƙarshe na firamare lokacin. Wayar hannu ba ta shigo mana ba tukuna, labari a bakin matafiya yake. Lokacin zuwansa ya yi ya wuce. Fatake suka yi ta shigowa suna cewa damina ta zauna a Arewa, gero har ya rufe ƙasa. Babana ya ce ta shuka mana, ai ruwan sama ba ya tsallake ƙauye ɗaya. Ta ƙi. Ta ce ta taɓa ganin shekarar da aka yi ruwa a garin da ke kusa da su, su ko ɗigo. Kullum da safe ta aike ni zaure in duba ko akwai motar albasa, kullum in dawo in ce babu. Bahon nan suka cika da ciyawa. Har ruwan Ibadan ya yi ɗan hutun nan nasa na tsakiyar damina, gari ya yi lumshi ba ruwa ba rana, shiru.

Hutun na ƙarewa sai ga shi, ya rame, yana dogara sanda. Ashe ciwo ne ya kwantar da shi a gida. Ya durƙusa suka gaisa, Iya ta yi masa sannu da jiki har ta gaji, sannan ta yi tambayarta. Ya sunkuyar da kai ya ce ai ruwan shuka an daɗe da yinsa, gero ya fitar da kai, waken mutane ma ya fara fure.

Bayan ya tafi Iya ta sauko da gorar, ta zazzage a faifai. Duka-duka abin da ya rage bai cika tafin hannunta biyu ba, wasu ma ƙwari sun huda su. Ta ce in ta shuka yanzu lokaci ya wuce, asara ce. In ta ajiye zuwa baɗi, laima da ƙwari ba za su bar mata ko ɗaya ba. Ta daɗe tana motsa su da yatsa. Tausayinta ya kama ni har na fara hawaye, duk da ban gama gane girman abin ba.

"Takwara," ta ce, "ɗauko mini ƙaramar fartanya. Gara su mutu a cikin ƙasa da su mutu a gora."

Muka cire ciyawa, muka shuka su duka, ba ta bar ko ƙwaya ɗaya ba. Ta rataye gorar wayam. Daga ranar ba ta ƙara leƙa bayan ɗakin ba, ta ce ba za ta iya kallon jana'iza sau biyu ba. Ni ce na ci gaba da zuwa. Waken ya tsiro, amma bai yi haukan yaɗon da ya saba ba, ya tsaya daidai wa daida. Babana ya ce bana ko ragon ma ya yi asara. Ruwa ya yi ta zuba, sannan ya fara ja da baya, kuma daidai lokacin waken ya yi fure. Furen bai zube ba. Kwanso ya fito dogo-dogo, ya cika, rana ta buɗe ta busar da shi a jikin uwarsa. Da na je na faɗa wa Iya, cewa ta yi in daina yi mata wasan jika da abin da ba na wasa ba. Sai da na tsinko guda na ɓare a gabanta, jajayen ƙwayoyi suka gangaro a zaninta.

Ta tashi ba ko takalmi. Ta tsaya a bayan ɗakin tana duban bahon nan tana salati a hankali. Muka yi roro, muka cika gorar har wuya, ga saura a kwano. Na girgiza gorar, ko ƙara ba ta yi ba. A ranar Iya ta ɗebi na kwanon ta dafa da kanta, da ɗan gishiri da kanwa kawai, ta zuba wa kowa a gidan. Nan na san ba cika baki take yi ba. Babana ya ci ya siɗe hannu, ya ƙi haɗa ido da ita.

Za ka yi zaton daga nan ta ɗauki darasi. Ina! Ta ce ikon Allah ne, Ya ji tausayin tsohuwa. Shekara na zagayowa ta koma zaman jiran Baba direba. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Na tuna maganar mai ganyen alale, na haɗa da abin da idona ya gani, na ce wa Iya mu jira ruwa ya huta. Ta ce yaushe aka haife ni. Na ce gani ya kori ji. Ta ce bakina ya fi ni girma. Muka yi kwanaki muna wannan ja-in-ja, mahaifiyata na dariya tana cewa takwara biyu sun haɗu, kowa da taurin kansa. Ranar da direban ya kawo labarin ruwa, Iya ta zazzage irin a faifai, ta sa gefen hannunta ta raba shi biyu.

"Ga nawa, ga naki. Ni zan bi garinmu, ke ki bi Badun ɗinki. Wanda ya faɗi, ɗaya ya tashe shi."

Nata ya yi harawa, nawa ya yi wake. Haka aka yi shekara mai zuwa, da wadda ta biyo ta. Ba ta taɓa cewa na fi ta gaskiya ba, iyaka ta ce hannuna ne mai albarka, kuma ai a wurinta na gado shi. Ta ci gaba da shuka nata a ranar garinsu, daga irin da ni na noma, ni kuma ban ƙara yi mata gardama ba. Na riga na gane ba wake kaɗai take shukawa ba a wannan rana. Rana ce da take yin aiki ɗaya da 'yan'uwanta, ko da ƙasa mai nisa ta raba su.

Da na gama sakandare na ce aikin gona zan karanta, gidanmu ya yamutse. Babana ya so in yi aikin jinya, ko in zauna in kama sana'ar gida kamar sauran mata. Ya ce mu mutanen Sabo fatake ne, da noma muke so da ba mu baro Arewa ba, kuma a ina zan yi noman, a kan kwaltar unguwar Mokola? Iya tana daga ɗaki tana ji, ƙafafunta sun riga sun ƙi ta. Ta ɗaga murya ta tambaye shi ko goron da yake sayarwa daga sama yake faɗowa. Ta ce shi ya gaji uban da ke saye da sayarwa, ita ma a bar mata mai gadonta guda ɗaya. Babana bai taɓa iya musu da ita ba. Ya ce to, Allah ya sa albarka, amma kada in kawo masa taki zaure.

Ban kai ga gama karatu ba Iya ta rasu. A Ibadan aka binne ta, a ƙasar da ta ƙi koyon sunanta. Aka raba 'yan kayanta, ba wanda ya tanka da na ɗauki gorar.

Yau ina da fili da nake haya a wajen Akinyele, ba wani babba ba, amma yana ciyar da ni da waɗanda ke aiki tare da ni. Muna noma wake da kuɓewa da yakuwa da alayyafo, yawanci Sabo muke kai wa. Da rani injin da ke aiki da hasken rana ke jawo mana ruwa. Irin yanzu a buhunan da iska ba ta shiga muke adana shi, ƙwari ba su da ta cewa, toka da barkono sun huta. Masu koyo kuwa 'ya'yan Sabo ne, samarin da in ba don haka ba da suna kan okada suna acaɓa, da 'yan mata irin wadda ta bugi gorar jiya. Har matan aure a cikin gidaje na koya wa shuka a buhu, yanzu in ka shiga wasu lungunan za ka ga ganyen miya a jikin bango, suna tsinka suna sayarwa. Babana ya tsufa, amma yakan sa a kawo shi a keke napep ya zauna a inuwa yana ba da umarni kamar shi ya kafa wurin.

Yaran nan suna zuwa da zumuɗi, kowa da sabon abin da ya gani a waya, wani ya ce a watsar da duk tsohon yayi. Ba na hana su. Abin da nake fara koya wa kowa shi ne abin da Iya ta yi a faifai. Ka raba irinka biyu, rabi yadda aka saba, rabi yadda kake tunani, ka zuba ido ƙasa ta raba gardama. Kada ka taɓa zuba gorarka duka a kan ra'ayi ɗaya, ko naka ne ko na kakarka. Ita ta yi hakan sau ɗaya don ba ta da zaɓi, Allah kuma ya rufa mata asiri.

Bara wani mutum ya neme ni har gona, ya ce shi ɗan Baba direba ne, shi ke jan mota yanzu, tsohon ya rasu. Na dafa masa wake na kawo. Ya kai loma ɗaya ya tsaya, ya ce rabonsa da wannan ɗanɗano tun yana yaro. Ashe a ƙauyen su Iya irin ya ɓace. An yi shekarun da ruwa ya yanke da wuri, mutane suka cinye na ajiya, daga baya kowa ya koma irin kasuwa. Ya ce tsofaffi kan yi zancen jan waken nan kamar zancen mamaci.

Ban bari ya gama ba na shiga ɗakin ajiya. Na auna masa mudu-mudu a buhu, na sa aka kai masa har Ojoo inda motarsa take. Ya tambaye ni yaushe za su shuka, tunda ni ce na yi karatun abin. Na ce su bi ruwan garinsu, can ai shi ne lokacinsa. Gorar ce kawai na kasa ba shi. Na ɗauko ta, na juya ta a hannu, na mayar da ita bayan ƙofa.

Da daminarsu ta kama sai ga wayarsa da yamma. Muka gaisa har muka tambayi awaki, don haka na ji ana yi. Sannan na ce masa ya ruwa. Ya ce an yi ruwan shuka, kuma waken Iya ya shiga ƙasa tun da safe, gida-gida aka raba. Na yi masa godiya na kashe wayar, na zauna a bakin kunya na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne ta.

Washegari na hau keke na tafi Sabo, na shiga bayan ɗakin Iya. Tayar nan tana nan, ƙasar ta sandare. Na tona, na sa 'yan ƙwayoyi. Yarinyar da ta raka ni ta ce, da Hausarsu ta Sabo mai surki da Turanci, "Anti, no be ke kika ce sai ruwa ya huta ba? Wannan ai harawa kawai zai yi." Na ce na sani, ragon babana yana jira.